Karatun Alƙalanci a Birnin Zazzau

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya haramta wa kanSa zalunci, Ya kuma haramta shi a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ko wace shekara akwai samari da 'yan mata daga cikin birnin Zariya da ke fita ta Ƙofar Doka su nufi Kongo domin karatun shari'a. Waɗansu suna fatan zama lauyoyi, waɗansu alƙalai, waɗansu kuwa ma'aikatan kotu. A cikin ganuwa kuma, a zaurukan Unguwar Kona da Unguwar Juma da sauran unguwannin malamai, akwai waɗansu da ke durƙushe gaban malamansu tun da asuba, suna biya Risala da Askari da Muhtasar. Tsakanin wuraren nan biyu babu wata tazara, mai keke ba ya ko yin gumi. Amma sau da yawa ɗalibin Kongo bai taɓa tuɓe takalminsa a ƙofar zaure ba, almajirin zaure kuma bai san yadda ake buɗe fayil a kotu ba. Alhali kuwa gaban waɗannan mutane ne gobe za a kawo gadon marayu, da gonar talaka, da auren 'yar mutane, wani lokaci har da ran mutum.

Ya kamata duk mai niyyar shiga wannan aiki ya fara da sanin irin ramin da yake tsaye a bakinsa. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Buraida, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah ya kasa alƙalai kashi uku, ɗaya a Aljanna, biyu a wuta. Na Aljanna shi ne wanda ya san gaskiya ya yi hukunci da ita. Na wuta na farko ya san gaskiya ya kauce mata. Wannan kowa ya san shi, kowa na tsine masa, shi ne mai karɓar toshi da cin hanci. Na wuta na biyu kuwa ba a cika maganarsa ba, watau wanda ya yi wa mutane hukunci a kan jahilci. Mai karatu ya lura, ba a ce ya ci hanci ba, ba a ce yana da mugun nufi ba. Yana yiwuwa mutumin kirki ne, mai yawan nafila, wanda bai taɓa cin kwabon kowa ba. Laifinsa kawai ya hau buzun da bai yi karatunsa ba. Ashe ke nan maganar horon alƙalai magana ce ta lahira tun kafin ta zama maganar ma'aikatar shari'a.

Wannan ne ya sa magabata suke gudun alƙalanci kamar yadda ake gudun kura. Imamu Abu Hanifa ya gwammace ɗauri da ya karɓa. Imamu Sahnunu, mai Mudawwana, wanda a kan littafinsa mazhabar Maliku ta tsaya a ƙasashen Magariba da Sudan, bai karɓi alƙalancin Ƙairawan ba sai a shekara ta 234 bayan Hijira, yana da shekara saba'in da 'yan kai, bayan an daɗe ana matsa masa. An ce ran da ya karɓa ya shiga wurin 'yarsa Hadiza ya gaya mata cewa yau an yanka ubanta ba da wuƙa ba, yana nuni ga wani hadisi da ya siffanta alƙalanci da haka. Wannan fa mutum ne da ya je Masar ya ɗauko fiƙihu daga bakin Ibnul Ƙasim, almajirin Maliku. To, ina ga yaron da ya gama kwas jiya, yau yana neman wanda zai yi masa hanya?

Sai dai akwai wani abu da ya fi wannan zurfi. Malaman Malikiyya sun daɗe suna faɗin cewa ilmin fiƙihu daban, ilmin hukunci daban, ko da yake na biyun ba ya tsayuwa sai da na farkon. Asalin wannan yana cikin Alƙur'ani mai girma. A Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, Allah Ya ba da labarin Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, sa'ad da aka kawo musu ƙarar wata gona da tumakin waɗansu mutane suka shiga da dare suka yi ɓarna. Masu tafsiri sun ce Annabi Dawuda ya hukunta a ba mai gona tumakin. Annabi Sulaimanu kuwa ya ga a ba mai gona tumakin ya riƙa amfani da nononsu da gashinsu, mai tumaki kuma ya yi aikin gonar har ta koma yadda take, sa'an nan kowa ya karɓi abinsa. Allah Ya ambata cewa dukansu biyu Ya ba su hukunci da ilmi, amma Ya keɓe Sulaimanu da fahimtar wannan mas'ala. Ilmi ɗaya, fahimta ta bambanta. Kuma abin mamaki, irin wannan ƙara ta ɓarnar gona ita ce har yau take cika kotunan ƙasar Zazzau da zarar an yi kaka.

Malaman Tunis suna ba da labarin wani babban malami, Abu Abdullahi ɗan Shu'aibu, wanda ya shahara a fiƙihu da usulu. Da aka naɗa shi alƙalin Ƙairawan, ya zauna ya saurari masu ƙara, sai ya koma gida ransa a ɓace. Matarsa ta tambaye shi lafiya, ya ce ilmin hukunci ya yi masa wuya. Ta ce ai ta ga fatawa ba ta ba shi wahala, don haka ya ɗauki masu jayayyar nan tamkar mutum biyu ne da suka zo neman fatawa. Ya gwada, abin ya zo masa da sauƙi. Abin lura a nan shi ne malamin da ya haddace littattafai ya rikice a ranar farko. Mai neman fatawa yana zuwa da mas'alarsa a wanke. Masu ƙara kuwa suna zuwa da ita cikin laka, da kuka, da rantse-rantse, da ƙarya gauraye da gaskiya, kowa yana jan bargo wajensa. Fitar da mas'ala daga cikin wannan laka sana'a ce, kuma kamar ko wace sana'a, ba a iya ta sai an zauna kusa da gwani an ga yadda hannunsa ke tafiya.

Mutanen dā na birnin Zazzau sun san haka. Garin ya yi suna da karatu tun kafin Jihadi, har almajirai suna zuwa daga Kano da Katsina da ƙasar Nufe domin nahawu da lugga da fiƙihu. Bayan da Malam Musa ya karɓo tuta daga wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa mulki a Zariya, sarautun malamai irin su Limamin Juma'a da Limamin Kona da Alƙali da Salanke suna da matsayinsu a fada. A zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a, wannan da wani sashensa ya rufta a kan masallata a watan Agusta na 2023, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. A cikin harabar masallacin nan magina sun ware ɗakin shari'a. Wanda ya tsara ginin ya san abin da yake yi: mai yanke hukunci yana zaune ne inda yake jin kiran salla sau biyar, mai rantsuwa kuma yana ganin alƙibla.

Hanyar karatun kuwa doguwa ce. Yaro ya sauke Alƙur'ani, ya shiga Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya wuce Risala ta Ibnu Abi Zaidin na Ƙairawan, sa'an nan Askari, sa'an nan ya fuskanci Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda almajirai suka raba biyu suna kira Lawwali da Sani. Malam na karantawa yana fassarawa kalma kalma, almajiri na biye, layi biyu ko uku a rana, domin maganar Halilu a dunƙule take, kalma guda tana iya ɗauke da hukunci uku. Da yawa sukan tsaya a Lawwali, inda ibada take. Babin ciniki da jingina da haya da hukunci da shaida da haddi da gado kuwa suna can gaba, sai mai dogon numfashi ke isa gare su. Wanda aka ga alamar alƙalanci a tare da shi sai ya ƙara da Tuhfatul Hukkami, waƙen da Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa ta Andalus, wanda ya rasu a 829 bayan Hijira, ya tsara musamman domin masu zaman hukunci, da Tabsira ta Ibnu Farhun, alƙalin Madina. Na gida kuma akwai Liya'ul Hukkami, wanda Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta a Kano sa'ad da mutanenta suka roƙe shi ya bar musu abin da za su yi hukunci da shi.

Duk wannan rabin karatu ne. Sauran rabin a zauren alƙali ake yinsa. Almajiri ya zauna a gefe shekara da shekaru, da farko yana kiran masu ƙara, daga baya ya riƙa rubutu, daga nan ya zama muhuti, mai buɗe littafi ya nemo nassi idan alƙali ya bukata. A aike shi ƙauye ya ƙidaya dukiyar mamaci, ko ya duba iyakar gona. Kafin a ba shi buzu ya riga ya ga ɗaruruwan fuskoki, ya san yadda mai gaskiya ke in'ina saboda tsoro, ya kuma san yadda maƙaryaci ke zuba kamar ruwa.

Mene ne ake koya a wannan zama? Ga misali ɗaya da ya isa. Kowa ya san ƙa'idar nan cewa kawo shaida yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya yi musu. Yaro ɗan shekara goma zai iya haddace ta. Amma wane ne mai da'awa? An ruwaito daga Sa'idu ɗan Musayyabi, babban malamin Madina, cewa wanda ya iya rarrabe mai da'awa da wanda ake da'awa a kansa, hukunci ba zai rikice masa ba. Jahili yana zaton wanda ya fara zuwa kotu ya biya kuɗin sammaci shi ne mai da'awa. A wurin Malikiyya ba haka abin yake ba. Wanda asali ko al'ada ke ƙarfafa maganarsa shi ne wanda ake da'awa a kansa, wanda kuma maganarsa ta saɓa musu shi ne mai da'awa, ko da shi aka kawo ƙara.

A ƙaddara maraya ya girma, ya kai ƙanen ubansa gaban alƙali yana neman dukiyar da aka bar masa. Baffan ya ce ai tuni ya miƙa masa. A ido maraya ne mai ƙara, kuma alƙalin da bai ƙware ba zai ce masa ya kawo shaidun cewa ba a ba shi ba. Ina zai samo shaidar abin da bai faru ba? Sai baffa ya rantse ya tafi da dukiya. Alhali kuwa asali shi ne dukiyar tana hannun wasiyyi, shi ne mai da'awar ya fitar da ita, kuma Allah Ya umurci masu riƙon marayu a Suratun Nisa'i, aya ta 6, da su kafa shaidu sa'ad da suke miƙa musu dukiyarsu. Saboda haka shi za a nema da shaida. Kuskuren minti ɗaya a farkon zama ya isa ya juya shari'a gaba ɗayanta, ba tare da kowa ya ci kwabo ba.

Haka kuma idan aure ya mutu aka yi jayayya a kan kayan ɗaki, babu shaida. Abin da al'ada ta san na mata ne, kamar jere da tasoshi da tukwane, maganar mace ake ɗauka tare da rantsuwarta. Abin da aka san na maza ne, kamar garma da takobi da manyan riguna, maganar miji. To, a yau firji fa, da keken ɗinki, da talabijin? Littafi ya ba da ƙa'ida, ya bar wa alƙali sanin garinsa. Wanda bai san abin da iyayen amarya ke kaiwa a Zariya a wannan zamani ba, ba zai iya wannan hukunci ba, ko da ya haddace Tuhfa da sharhinta.

Ga kuma hauzi: baƙo ya riƙe gona shekara goma yana noma, mai ita yana gari yana gani, bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi kuwa wa'adin ya fi haka nisa ƙwarai, domin ɗan'uwa yana kawar da kai ga ɗan'uwansa. Kuma idan ya tabbata aro ne ko jingina, tsawon shekaru ba ya mai da ita mallaka. Ga i'izari, watau tambayar ƙarshe da alƙali zai yi wa wanda hukunci zai hau kansa, ko yana da sauran hujja ko suka ga shaidun da aka kawo. Tambaya ce ta numfashi guda, amma hukuncin da aka yanke ba tare da ita ba ɓatacce ne, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe shari'u saboda rashinta.

Kada mai karatu ya zaci zamanin dā duk alheri ne. Shehu da kansa, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa sayen hukunci cikin abubuwan da ya yi wa sarakunan Haɓe inkari, kuma cutar ba ta mutu da Jihadi ba. Alƙalanci ya zama gado a waɗansu gidaje, ɗa ya hau buzun uba ko karatunsa ya kai ko bai kai ba. A zamanin En'e alƙali ma'aikacin sarki ne, kuma dattawan da suka ga siyasar shekarun 1950 ba su manta da abin da 'yan adawa suka gani a waɗansu kotuna ba. Zaure yana koyar da ladabi da nassi, amma ba shi da jarrabawa, ba shi da mai duba aikin wani.

Turawa sun shiga Zariya a 1902. Sun bar kotunan alƙalai, amma sun sa musu linzami, suka hana yanke hannu da jifa, suka kasa kotuna daraja daraja. Domin joji da Di'o su san abin da alƙali ke yi, sai aka buga musu wani taƙaitaccen Muhtasar da Ingilishi a 1916, wanda wani jami'i mai suna Ruxton ya ciro daga fassarar Faransanci. Watau fassarar fassara ke nan, kuma abin baƙin ciki har yanzu akwai masu kafa hujja da shi. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Daga cikinta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya fito, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962.

Babban canji ya zo gab da samun mulkin kai. A 1958 Gwamnatin Sardauna ta kira wani kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na London, da Wazirin Borno Shettima Kashim, da Mista Peter Achimugu, da Babban Alƙalin Bida Malam Musa. A kan shawararsu aka yi dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci. Dare ɗaya alƙalin da ya tsufa a kan Muhtasar ya wayi gari ana bukatar ya yi shari'ar laifi da sashe da lamba. Ina za a koya masa? Sai aka dubi Zariya. Makarantar horon akawuna da aka buɗe a Kongo a 1947, wadda ta zama Makarantar Koyon Sha'anin Mulki a 1954, ita aka ɗora wa nauyin. Daga 1959 aka riƙa kawo alƙalai da muhutai da magatakardan kotu daga lardunan Arewa, dattawa masu rawani da furfura suna zaune a kan benci kamar 'yan firamare. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashen koyon shari'a ya zauna a nan Kongo, a 1966 kuma aka buɗe Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci. Bayan juyin mulki, a 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha, kotunan sarakuna suka tafi.

Kongo ta kawo alheri mai yawa, wanda ya musa ya yi butulci. Ta koyar da rubuta bayanin zama yadda kotun sama za ta iya bin sawunsa. Ta koyar da iyakar hurumi. Ta buɗe ƙofa ga ɗan talaka wanda ubansa bai taɓa riƙe alƙalami ba, ta kuma buɗe ta ga mata. Amma dattawan farko da suka zauna a kan bencinta sun zo ne da Larabcinsu da shekarunsu na zaure, Kongo ta ɗora musu tsari a kan tushe. Jikokinsu da yawa suna zuwa babu tushen. Sai a sami mai digiri a shari'ar Musulunci wanda idan aka buɗe masa Bahja ko Jawahirul Iklili, shafin da babu wasali, sai gumi ya karyo masa. Ya san sunan littafi da lambar shafi domin ya gan su a hukuncin wata kotu, amma bai taɓa jin malami ya warware masa ibarar ba.

An ga sakamakon giɓin nan a fili bayan 1999, sa'ad da Jihar Zamfara ta dawo da hukuncin laifuffuka na shari'a, jihohi goma sha ɗaya suka bi ta, har da Kaduna. An rubuta dokoki cikin gaggawa, har daga baya Cibiyar Kongo ta zauna ta tsara daftari guda domin daidaita su. Amma alƙalan da za su yi aiki da dokokin, ba a taɓa yin haddin jifa ko na yanke hannu a gabansu ba, ba su kuma ga wanda ya yi ba. A watan Maris na 2002 wata kotu a Bakori, nan kusa a Jihar Katsina, ta yanke wa wata bazawara hukuncin jifa, babbar kotun Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. Duniya ta ɗauka, maƙiya suka sami abin faɗi. A watan Satumba na 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Katsina ta rushe hukuncin, alƙalai huɗu cikin biyar. Da me ta rushe shi? Da littattafan Malikiyya da dokar jihar kanta: alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali doka ta ce ya zauna da mutum biyu, mai iƙirari a haddi yana da damar janyewa, kuma cikin da matar da aka saki ta haifa a cikin wa'adin da malamai suka ɗiba wa kwantacce ana danganta shi ga tsohon mijinta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka ɗauko daga Ingila. Wata goma sha takwas baiwar Allah tana kwana da hukuncin kisa a kanta, a kan abin da ke rubuce cikin littattafan da ake biyawa a zaure.

Wannan shari'a an ji ta ne domin rai ne. Na gado da gona da riƙon yara, waɗanda ake kuskurewa kullum, ba mai jin su. Tsohuwar da aka hana tumuninta ba ta da kuɗin mota zuwa Kaduna, sai ta ce ta bar wa Allah. Wannan kalma kuwa, da alƙali ya san nauyinta, da ya fi tsoronta a kan takardar kora.

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 276, ya buɗe ƙofa biyu ga mai zama Ƙadi a kotun ɗaukaka ƙara ta jiha: lauyan da ya shekara goma kuma yana da shaidar ilmin shari'ar Musulunci, ko mai shaidar ilmin shari'a ta shekara goma wanda ya goge a aikinta ko ya shahara da malanta. Doka ta yarda da hanyoyin biyu. Abin da ya rage shi ne a sami mutumin da ya bi dukansu, kuma babu garin da wannan ya fi sauƙi kamar Zariya. Ɗalibin Kongo da ya fito daga cikin birni ba shi da uzuri. Lacca ba ta hana karatun asuba, ba ta hana na bayan magariba. Shekara biyar ta digiri ta ishe shi ya ratsa Risala da Tuhfa a gaban malami idan ya dage, kafin ya tafi Makarantar Lauyoyi. Lokacin hutu kuma, maimakon zaman majalisa a bakin titi, ya nemi izini ya zauna a bayan kotun birni da littafinsa, ya rubuta wa kansa wane ne mai da'awa a ko wace ƙara kafin alƙali ya faɗa, da yamma ya kai wa malaminsa su duba.

Malaman zaure su ma akwai nasu. Bai kamata a riƙa kallon mai wando da kwat kamar ya ɓata ba idan ya zo da littafinsa. Almajiran da suka kai Sani kuma a ƙarfafa su su nemi takardar da hukuma ta sani, domin ilmin da ba shi da takarda a yau ba ya isa kan kujerar hukunci, sai ya bar ta ga wanda bai kai shi ba.

Wanda ya zaɓi aikin lauya, shi ma hadisin yana kallonsa ta wata fuska. A dā ba a barin lauya ya tsaya a kotun alƙali, sai bayan tsarin mulkin 1979 ƙofar ta buɗe. Wakilci a cikin husuma halal ne a fiƙihu, kuma sau da yawa lauya ne ke tuna wa kotu i'izarin da ta manta. Amma Allah Ya hana ManzonSa zama mai kare maha'inta a Suratun Nisa'i, aya ta 105, a kan wani Musulmi da ya yi sata aka nemi a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Kuma a hadisin Ummu Salama da ke cikin Buhari da Muslim, Manzon Allah ya yi gargaɗi cewa wani yana iya fin abokin shari'arsa iya baki har a yanke masa abin da ba nasa ba, to abin da ya karɓa yanki ne na wuta. Lauya mutum ne da ake haya domin iya bakinsa, don haka tun yana ɗalibi ya kamata ya san irin ƙarar da zai mayar da kuɗinta.

Akwai kuma mutum guda da ba a cika tunawa da shi ba a maganar horo, shi ne magatakardan kotu. Masu ƙara suna magana da Hausa, wani lokaci da Fulatanci ta bakin tafinta, nassi yana cikin Larabci, idan shari'a ta yi nisa kuma a juya bayanin zuwa Ingilishi. Kotun sama ba ta ga fuskar kowa ba, takarda kawai take gani. Idan mai gona ya ce aro ya bayar, magatakarda ya rubuta ya bayar, kalma guda ta faɗi, gonar ta tafi. Idan alƙali ya yi i'izari amma ba a rubuta ba, a wurin kotun sama bai yi ba, sai a mai da shari'ar baya a sake ta daga farko, mutane su sake biyan kuɗin mota da na shaidu, wataƙila babban shaidan ma ya riga ya rasu. Malaman fiƙihu sun shar'anta wa marubucin alƙali adalci kamar yadda suka shar'anta wa shaida, kuma waɗanda suka shirya kwasa-kwasan Kongo a 1959 sun kira magatakarda tare da alƙalinsa.